Iyaka Da Sulhu A Wasannin Kwamfuta: Abin Da Muka Gani Daga Godogodo

Yau za mu ɗan kauce daga sanarwar taro da ta gudummawa, mu yi magana a kan wasa. Muna roƙon iyayenmu kada su ga kalmar wasa su wuce, domin abin da ke cikinsa ya taɓa gona, ya taɓa burtali, ya kuma taɓa yadda 'ya'yanmu ke fahimtar kalmar sulhu.

Akwai wani irin wasan kwamfuta da na waya wanda ba tsere ake yi a cikinsa ba, ba kuma ƙwallo ba. Ƙasa ake ba mutum ya mulka. Ya kafa gari, ya yi noma, ya tara dukiya, ya ɗauki soja, ya ƙulla abota da maƙwabta ko ya far musu da yaƙi. Yaranmu da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna na Kafanchan sun san su sarai, wasunsu ma kan raba dare a kai duk ranar da aka samu wuta. Abin da ya fara jan hankalinmu shi ne, ashe ƙasar nan tamu tana ciki. A wasan Europa Universalis IV, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2013, mutum na iya ɗaukar Kano ko Katsina ko Zazzau ya fara mulki daga shekarar 1444. A Crusader Kings III na 2020 akwai Daurama ta Daura. A 2021 an ƙara Hausawa a cikin Age of Empires III, da mahayan lifidi da maharban Fulani, har sojojin suna amsa umarni da Hausa. Sannan a watan Fabrairun 2025 Civilization VII ya fito da Sarauniya Amina cikin shugabannin da ake zaɓa.

Mun ji daɗin wannan, ba ma ɓoyewa. Amma da muka sa yaran suka nuna mana yadda abin ke tafiya, sai muka ga masu wasannin sun ɗauki sunayenmu da rawunanmu da dawakanmu, sun bar abin da ya fi wuya, wato yadda mutane daban-daban ke zama a ƙasa ɗaya.

Ku dubi yadda iyaka take a Civilization VI. An yanka taswira gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowane gida kuma mai shi ɗaya ne tak. Idan naka ne, launinka ne a kai, da ƙasar da itacen da ruwan da ke cikinsa duka. Iyakarka tana faɗaɗa da kanta sannu a hankali, ko ka sa zinariya ka sayi gidan da ke kusa. Game da maƙwabci kuwa, abu biyu ne: ko ƙofa a buɗe, ko a rufe. In kun yi yarjejeniyar buɗe iyaka, sojansa na iya ratsa ƙasarka ta ko'ina har tsawon zagaye 30. In ba ku yi ba, ko taku ɗaya ba zai yi ba sai da yaƙi.

To, duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a yankin nan ya san ba haka iyaka take ba. Mu ɗauki gona ɗaya a bayan gari. Ƙasar ta gidan wane ce tun kakanni. Wanda ke noma ta bana aro aka ba shi, ko jingina ce a hannunsa. Ɗorawar da ke tsakiyarta ba tasa ba ce, ta masu ƙasar ce, idan ta nuna matansu ne za su zo su kaɗe. Hanyar da ta bi ta gefe zuwa rafi ta kowa ce, ba mai ikon toshe ta da kunya. Daga shuka zuwa girbi, ko akuya ce ta shiga an yi ɓarna. Amma da an kwashe amfani, wannan gonar dai da ba a yarda saniya ta leƙa ba, ita ce ake barin makiyayi ya shiga da garkensa su ci kara da harawa su bar taki, a da har roƙonsa ake yi ya kwana biyu a wurin. Ga gona ɗaya, ga masu haƙƙi huɗu ko biyar, kuma haƙƙin kowa yana da watansa. Alamar iyakar ma ba waya ba ce. Tushen gamba ne, ko bini-da-zugu, ko wani dutse da tsofaffi uku suka san ranar da aka ajiye shi. Ranar da na ƙarshensu ya rasu, iyakar ta fara rawa.

Nan ne muke ganin gyara na farko, kuma shi ne babba. Ya kamata a ce gida ɗaya a taswira yana iya ɗaukar haƙƙi fiye da ɗaya: na noma, na wucewa, na shan ruwa, na cin kasuwa. Kowanne a iya bayar da shi daban, a iya janye shi daban, kuma a ɗaura shi da lokaci. Maimakon a tambaye ka "ka buɗe iyaka ko ka rufe", sai a ce: ka yarda dabbobinsu su bi ta wannan layin kaɗai, da rani kaɗai, su sha ruwa a wannan mashayar, su kuma su ba ka kaza? Wannan ba sabon abu ba ne da muka ƙirƙiro. Shi ne burtali. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo tun 1965, ga Ladduga nan a ƙasar Kachia. Ƙungiyar ECOWAS ma ta fitar da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi a 1998, da takardar shaidar da makiyayi zai riƙe. Ko an bi ko ba a bi ba wata magana ce, amma tsarin yana nan a rubuce, mai son ya kwaikwaya zai samu.

Akwai abin da ya ba mu dariya a Age of Empires III. An ba Hausawa kasuwar shanu, abin da ya dace. Sai dai shanun wasan tsayuwa kawai suke yi a bakin kasuwa suna ƙiba har a sayar da su. Ba sa jin ƙishirwa, ba sa neman ciyawa, ba su taɓa ratsa gonar kowa ba. Wani dattijo a cikinmu ya ce in da haka shanu suke, da rabin zaman da ake yi a fadar hakimi bai taso ba. Gaskiyarsa. Saniya tafiya take yi, kuma tafiyar tata ita ce siyasar. Wasan da ya sa garke ya riƙa sauka kudu da rani yana komawa da damina, ya sa gonaki su riƙa cin burtali kaɗan-kaɗan duk shekara saboda mutane sun ƙaru, to ya ba mai wasa matsalar da za ta hana shi barci ba tare da an harba kibiya ko ɗaya ba.

Ko tarihin da wasannin ke tinƙaho da shi bai yarda da launi ɗaya ba. Masarautar Jama'a ta kasance ƙarƙashin Zazzau tana kai mata gaisuwa, amma wannan ba ya nufin duk wanda ke tsakanin Zariya da nan abu ɗaya yake. Wasu garuruwa sun ƙulla amana, suna biyan abin da aka yanka musu a bar su da sarautarsu da al'adarsu. Wasu suna kan duwatsu ba su miƙa wuya ba har zuwan Turawa. Wasu kuma harin neman bayi ya ɗaiɗaita su, kuma jikokinsu ba su manta ba. Idan ka shafa wa wannan duka launi guda ka ce ga Zazzau, ka share ainihin labarin. Daga baya Turawa suka zo da nasu zanen, har aka taɓa haɗa Jama'a da Lardin Filato, jirgin ƙasa ya iso Kafanchan, haƙar kuza ta jawo mutane daga ko'ina. Kowane zane ya bar mutanen da suka kwana a wani gefe suka tashi a wani. Haka aka yi wa Katsina da Maraɗi lokacin da Ingila da Faransa suka raba ƙasa. Da aka rufe iyakokin Najeriya a watan Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, kowa ya ga abin da rufe ƙofa ke yi wa farashin abinci da zumunci. A wasa kuwa, ka rufe iyaka, mutanenka ko tari ba za su yi ba.

Sai maganar sulhu, wadda ita ce ta fi ci mana rai.

A waɗannan wasannin, sulhu magana ce tsakanin sarki da sarki. Fuskar shugaban ɗaya ɓangaren za ta fito, ka miƙa masa zinariya ko gari, ya karɓa ko ya ƙi. Da ya karɓa, yaƙi ya mutu nan take, daga babban kwamanda har ɗan ƙaramin soja kowa ya mayar da takobi. A Europa Universalis IV har ƙidaya ake yi: an ci ka da kashi kaza cikin ɗari, don haka za a karɓi ƙasa daidai wannan, sannan a tsagaita na shekara 5 zuwa 15. Ba wanda zai ce shi ba a tambaye shi ba. Ba matashin da aka kashe wa uba. Ba wanda ya dawo ya tarar an nome masa gona.

Mu kuwa mun ga takarda, mun kuma ga abin da ya biyo bayanta. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar, wato Jama'a, Sanga, Kaura, Kachia da Zangon Kataf, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan, bayan tattaunawar da wata cibiyar sasanci mai hedikwata a Janiba ta jagoranta. Mutanen kirki ne suka zauna, kuma da niyya mai kyau. Amma kafin shekarar ta ƙare, ƙauyukan da ke kewaye da mu sun ƙone, kuma a watan Oktoba abin ya shigo cikin Godogodo kanta. Ba sai mun tuna wa kowa ba. Akwai masu karanta wannan rubutun da suka kwana a daji, akwai waɗanda har yau ba su dawo ba. A wannan watan na Oktoban 2016 ne kuma aka fitar da Civilization VI, inda ake gama yaƙi da danna maɓalli ɗaya.

Ba muna cewa takardar banza ce ba. Abin da muka koya shi ne wanda ya sa hannu ba shi ke riƙe da kowa ba. Sarki na iya yarda, ardo ya yarda, shugaban matasa ya yarda, amma akwai wanda ke can rugar da ba a aika wa ba, akwai baƙon da ya zo wucewa bai san an yi wata yarjejeniya ba, akwai ɓarawon da zaman lafiya ke kashe wa kasuwa. Don haka da za a ji tamu, da an raba ƙasar mai wasa gida-gida ta fuskar yarda. Ka ƙulla sulhu a fada, amma sai ka bi garuruwan bakin iyaka ɗaya bayan ɗaya ka shawo kansu. Wanda ya fi shan wuya a yaƙin shi zai fi wuyar yarda. In ka tsallake shi, wata rana zai ja maka faɗan da ba ka shirya ba, kuma maƙwabcinka zai ce kai ne ka karya alkawari.

Wannan ya kawo mu kan abin da wasannin ba su da shi sam, wato tsani. A wurinmu, tsakanin lafiya lau da yaƙi akwai matakai da yawa. Shanu sun shiga gona. Mai gona ya kai ƙara wurin mai unguwa, a kira ardo, a je a duba ɓarna da ido, a yi kiyasi, a biya. In abin ya fi ƙarfinsu a hau wurin dagaci, daga nan hakimi, daga nan fada ko hukuma. Haka in an sari saniya ko an sa mata guba. Kowane mataki dama ce ta kashe wutar tun tana ƙarama, kuma yawancin rigingimun da ba ku taɓa jin labarinsu ba a nan suka mutu. Wanda ya isa gidan rediyo shi ne wanda tsanin ya karye masa: ko an ƙi zuwa duba ɓarna, ko an yanka diyyar da ba ta yi daidai ba, ko mai shiga tsakani ya karkata. A sa wannan a wasa mana. Ƙaramin abu ya faru a bakin iyaka, a ba ka zagaye biyu ko uku ka tura wakili, ka zaɓi wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ka biya ko ka nemi a biya ka. In ka yi jinkiri abin ya hau mataki na gaba. In ka saba danne gaskiya don kana da ƙarfi, wata rana ba mai zuwa zamanka.

Don kada a ce ba mu yi adalci ba, akwai inda suka yi ƙoƙari. A ƙarin da aka yi wa Civilization VI a 2019 an shigo da lissafin ƙorafi: duk abin da ka yi wa wani ana rubuta shi a kanka, duniya na kallo, kuma yana raguwa da tafiyar lokaci. A Europa Universalis IV, in ka cika cin ƙasar mutane, maƙwabta kan haɗa kai su taso maka. Har ma akwai inda ake tura ɗan leƙen asiri ya ƙirƙiro hujjar cewa wani yanki naka ne tun asali, don ka samu dalilin kai hari. Wannan kam wanda ya tsara shi ya san duniya, don mun sha ganin irinsa a rikicin gona, inda ake wayar gari da labarin kakan da ba wanda ya taɓa ji. Inda muka saɓa da su shi ne yadda ƙorafin ke narkewa da kansa kamar ƙanƙara. A wurin mutane ba ya narkewa don shekaru sun wuce kawai. Wanda aka biya diyya, aka zo aka yi masa jaje a gaban jama'a, nasa kan sauka. Wanda aka share, nasa gado yake zama, ɗa ya karɓa daga uba.

Akwai kuma jita-jita. A wasa duk abin da aka gaya maka gaskiya ne: in an ce an kai hari, an kai. Mu kuwa mun san rabin tashin hankali daga "an ce" yake farawa. Rikicin watan Maris na 1987 a kwalejin Kafanchan ya fara, amma cikin 'yan kwanaki ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, wurin mutanen da ba su ga komai da idonsu ba. A lokacin ma babu wayar hannu. Yanzu hoto ɗaya na wata ƙasa ya isa ya hana kasuwa ci. Da za a sa labari ya riƙa zuwa wa mai wasa da shakka a cikinsa, ya zaɓa ko ya tura a bincika ya yi asarar lokaci, ko ya ɗauki mataki nan take ya yi kasadar afka wa wanda bai ji ba bai gani ba, da yaranmu sun koyi wani abu da zai yi musu amfani ranar da saƙo ya shigo wayarsu da tsakar dare.

Ɗaya daga cikin yaran ya ƙalubalance mu, kuma mun ji daɗin yadda ya yi. Ya ce, "Baba, wasa fa wasa ne. In aka cika shi da zaman sasanci da biyan diyya, wa zai saya? Mutane yaƙi suke so." Akwai gaskiya a ciki, kamfani riba yake nema. Amma mun tambaye shi me ya sa dara ke da daɗi, alhali ba a zubar da jini a cikinta. Daɗin yana wurin a matse ka, ka rasa inda za ka sa, sannan ka samo mafita. Riƙe garuruwa biyar masu fushi da juna a kan rafi ɗaya har rani ya wuce ya fi cin gari da yaƙi wuya nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce wasannin ba sa ba da lada a kan wannan yadda ya kamata. Ko inda aka ce ana cin wasa ta hanyar diflomasiyya, ƙuri'a ake tarawa a wani babban zauren duniya. Ba a ƙirga shekarun da kasuwar bakin iyaka ta yi tana ci ba a watse ba, ba a ƙirga mutanen da suka gudu suka dawo suka tarar da gonarsu tana jiransu. Mu a nan da wannan muke gane ko sulhu ya kama: ranar da mai nono ta shigo gari da ƙwaryarta ba tare da waige-waige ba, mai doya da mai citta suka kai kaya kasuwa suka dawo bayan magariba.

Ba mu ɗauka wani a Suwidin ko Amurka zai karanta wannan ya sauya wasansa gobe ba. Da ku muke, matasanmu, musamman masu karatun kwamfuta. Yawancin wasannin nan an bar ƙofa a buɗe ga masu wasa su yi musu gyara da kansu su raba wa duniya, kuma mutane daga ƙasashe da dama suna yi. Abin da wancan na Turai ba shi da shi, ku kuna da shi a ƙofar gida. Tsofaffin da suka san inda burtali ya bi kafin a nome shi suna nan da ransu, a cikin gari da ƙauyuka da rugage. Akwai masu unguwannin da suka yi shekara talatin suna kiyasin ɓarna, sun san yadda ake lissafin kunyar masara da aka ci tana ƙarama da wadda aka ci ta kusa nuna. Ku ɗauki littafi da biro ku je ku gaishe su, ku tambaye su yadda ake yi, wa ke fara magana, wa ke yanke hukunci, me ake yi in ɗaya ya ƙi. Ku je wa kowane ɓangare, kada ku tsaya a naku. Wanda ke son a haɗa shi da su ya nemi sakatare bayan taron wata, za mu rubuta masa takardar gabatarwa.

Sakatare